Kundin aiki: tayar da lotsawar mota ba fila ba feshi

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Yau muka share kusurwar gareji ta gabas, wadda ke ƙarƙashin rumfar kwano, muka kwashe tsofaffin bamba da gwangwanayen fentin da suka taru a wurin. Aiki ɗaya na ware mata: tayar da ƙananan lotsawar jikin mota ba tare da an kankare fenti ba. Motar da za mu fara da ita ta Yayana ce, Corolla ƙirar 2010, ruwan azurfa, shigowar Amurka. Ya ba ni ita da sharaɗin zai riƙa hawa ranakun aiki, ni kuma in same ta da yamma ko ƙarshen mako, don haka abin zai ja lokaci.

Na zagaye ta na manna ɗan salatif na takarda kusa da kowace lotsawa. Ƙofar direba tana da guda uku ƙanana, irin waɗanda ƙofar wata mota ke yi idan an banko ta a wurin fakin. Ƙofar baya ta dama tana da doguwa guda da zanen ruwan ɗorawa a kanta, ba sai an tambayi wanda ya yi ba, a-daidaita-sahu ne. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 masu ƙafa uku suka cika titi, motar da ke yawan shiga Sabon Gari ko Kantin Kwari da wuya ta rasa irin wannan tambari a daidai tsayin nan. Bonet yana da faffaɗar loɓawa marar zurfi a inda yara ke zama. Rufi kuwa reshen darbejiya ne ya faɗo masa a iskar damina, ya bar ramuka a warwatse. Akwai kuma ɗaya a fendar baya ta hagu, saman taya. Duk cikinsu babu inda fenti ya fashe, kuma wannan shi ne sharaɗin farko.

Abin da mu masu fanel bita muka saba yi sananne ne. A buga daga ciki da guduma, inda hannu bai kai ba a yi wa waya walda a jiki a ja, a kankare da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, a shafa fila, wato abin cike ramin, a goge, a yi firaima, sannan mai fenti ya haɗa kala ya feshe ƙofar gaba ɗaya. A kan motar da ta yi karo ko ta yi tsatsa wannan ita ce hanya, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda muke yi wa lotsawa mai faɗin murfin kwalba irin wannan babban aiki.

Fentin kamfani idan ya tafi ba ya dawowa. A masana'anta, tun gangar motar tana ƙarfe zalla, ba kujera ba waya ba roba, ake tsoma ta ɗungurungum cikin tankin maganin tsatsa, lantarki ya manna shi a kowane lungu, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 170 zuwa 180. Sai firaima, sai kala, sai kiliya mai sheƙi a sama, su ma a gasa su a wajen digiri 140. Garejin da ya fi kowanne kayan aiki, mai ɗakin gashi, da ƙyar yake wuce digiri 60 zuwa 70, domin robobi da wayoyin motar da aka riga aka haɗa ba za su jure fiye da haka ba. Mu kuwa a fili muke feshi, rana ke busar mana, ƙura tana sauka a kai. Ga ruwan azurfa da wuyar sha'ani. Ɓarɓashin alminiyum ne a cikin fentin, kuma yadda yake kwanciya ya danganta da ƙarfin iskar bindiga da nisan hannun mai feshi, shi ya sa ƙofar da aka fesa takan bambanta da maƙwabciyarta idan rana ta karkata. Dillalai sun san haka sarai. Tambayarsu ta farko ita ce "Fes bodi ce?", wato ko fentin kamfani ne a jikinta, sannan su bi jikin motar suna ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, wasu da maganaɗisu a naɗe cikin hankici, don gano inda aka shafa fila. Ƙofa ɗaya da aka fesa tana iya jawo wa mota zargin haɗarin da ba ta taɓa yi ba.

Talata, 24 ga Disamba

Cikakken saitin sandunan turo lotsawa daga bayan kwano da ake ƙerawa a Amurka da Jamus, da yadda dala take yanzu, ya fi ƙarfin gareji irin namu, sai na nufi Ƙofar Ruwa. Abin da na je nema shi ne sandunan nan biyu da ke gicciye a saman but, bayan kujerar baya, masu ɗaga murfin but a tsofaffin Camry da Accord. Ƙarfen sifirin ne, yana lanƙwasa ya dawo, saɓanin rodin gini da zai lauje ya zauna a haka da zarar an danna. Ba mai tambayarsu, don haka na same su da arha.

Na kai wa wani maƙeri a unguwarmu. Mun yanka su tsayi daban-daban, daga kamu ɗaya zuwa wadda ta kusa mita. Bakin kawai ya gasa ya lanƙwasa, ya bar sauran jikin da sanyinsa don kada ƙarfin sifirin ya mutu. Baki iri uku muka fitar, mai faɗin kan yatsa, da matsakaici, da mai tsini. Kowanne na bi shi da sanfefa mai laushi har ya yi santsi, domin duk kaifin da ya rage a bakin sanda zai fito a fuskar fenti. Mariƙin kuwa guntun ƙarfe aka yi wa walda a gicciye, na zura masa tiyo.

Abin da ba za a ƙera a gida ba na yi odarsa daga Legas: bindigar gam, da sandunan gam na jan lotsawa, waɗanda ba irin na masu ƙawata wurin biki ba ne, da faifan roba manya da ƙanana da ake mannawa a kan rami, da ɗan abin ja mai ƙafa biyu, da alƙaluman roba na kwantar da tudu. Na'urar auna kaurin fenti sai bayan sabuwar shekara.

Allon haske da kaina na haɗa. Farin farantin roba ne mai barin haske ya ratsa, na ja masa baƙaƙen layuka a jere da salatif na lantarki, tazara daidai wa daida, na sa ƙananan fitilu masu bolt 12 a bayansa, na jona da tsohon batirin mota. Ko an ɗauke wuta aiki ba zai tsaya ba. Ƙafar tsohuwar fanka na ɗora shi a kai, yana hawa yana sauka.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Ba mu taɓa motar Yaya ba tukuna. Na sayo tsohuwar ƙofar Golf da wani bonet a wurin 'yan gwangwan, na ɗaure su a benci, ni da yaron da ke koyon aiki a wurina muna lotsa su da gangan da ƙwallon boris a cikin safa, muna tayarwa.

Aikin nan na ido ne kafin ya zama na hannu. Mai yin sa ba ramin yake kallo ba, hoton allon yake kallo a cikin fenti. Ana ajiye allon can gefe, mutum ya sunkuya ta ɗaya gefen, idonsa dab da jikin ƙofa, har layukan su kwanta a kan wurin. Inda ƙarfe yake lafiya layukan a miƙe suke tafiya. Inda ya loɓa sai su buɗe, su bar fili a tsakiya. Inda ya yi tudu sai su matse su haɗe wuri guda. Lotsawar da ba a gani da rana tsaka, a cikin layukan nan ba ta da maɓoya.

Babbar wahalar ita ce sanin inda bakin sandarka yake, tunda yana bayan kwano ba ka ganinsa. Dabarar ita ce ka ɗan jingina shi kaɗan, ƙasa da abin da zai bar alama, ka ja shi a hankali. Sai ka ga wani ɗan motsi yana tafiya a cikin layukan. Wannan motsin shi ne sandarka. Ka kai shi daidai inda kake so, ka ƙara nauyi har layukan su matse su wuce daidai da ƙiris, ka saki. Dole a ɗan wuce, domin ƙarfe yana komawa baya kaɗan idan an sake shi. Ramin da bai fi murfin kwalba ba yana iya cin danni ɗari ko fiye, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Wanda ya yi gaggawa ya ba shi manya guda biyar zai tashi da ƙuraje a fuskar fenti, kuma kwantar da su ya fi tayar da ramin wuya.

Yaron yana da ido, yana saurin kama motsin, wataƙila don hannunsa bai riga ya saba da guduma ba. Matsalarsa ɗaya, yana riƙe numfashi yana dannawa da ƙarfin kafaɗa. Na ce ya rataye sandar a ƙugiya ko ya jingina ta da wani ƙarfen ciki, madogarar ta ɗauki nauyin, shi wuyan hannu kawai zai murɗa. Ya gwada ya ce, "Oga, ai ji nake kamar ba na yin komai." Na ce ya bar sauraren hannunsa, ya dubi layi.

Wani abin da tsohuwar ƙofar nan ta nuna mana shi ne kowace lotsawa tana da gira. Ƙarfen da aka tura ciki bai ɓace ba, ya tattaru ya yi ɗan tudu a bakin ramin, galibi ta inda bugun ya nufa, kuma wannan tudun ne ke ɗaure ramin. Idan ba a fara kwantar da shi da alƙalamin roba da 'yar guduma marar nauyi ba, tsakiyar za ta yi ta gardama, kana turawa tana komawa. Da an sassauta girar, wani lokaci rabin ramin da kansa yake tasowa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Hunturu ya kankama. Da safe kwano sanyi ƙalau, kuma fenti mai sanyi ba ya son lanƙwasa, yana iya tsagewa a ƙarƙashin danni, musamman a rami mai zurfi. Yanzu kafin mu taɓa ko'ina sai mun bi wurin da abin busar da gashi har ya yi ɗumin da tafin hannu ke jurewa. Ƙura ma tana dushe layukan, sai an yi ta gogewa da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, domin busasshe a kan ƙurar hunturu zane yake bari. Na rataya tamfol ta arewa maso gabas, inda iskar ke kaɗowa.

Litinin, 27 ga Janairu

An fara Corolla, ƙofar direba. Ban kwance komai ba. Na sauke gilashi har ƙasa, na zura farantin roba a gabansa don kada sanda ta dogara da shi, tunda gilashin gefe idan aka matsa masa a wuri ɗaya tarwatsewa yake yi baki ɗaya. Na sa wejin katako a naɗe da tsumma na buɗe tsagin da ke tsakanin gilashi da fatar ƙofa. Ta nan sanda ta shiga.

Lotsawa biyu suna sama, a fili, sun tashi ba gardama. Ta ukun ta faɗo daidai kan ƙarfen kariyar nan da ke gicciye a cikin ƙofa, wanda aka sa don ya tare bugun gefe. Tsakaninsa da fatar ƙofa akwai ɗigon gam mai laushi da tazarar da ba ta kai kaurin yatsa ba, zagayayyiyar sanda ba ta shiga. Na koma wurin maƙeri ya buga mini wata, ya lallatsa bakinta ya yi fale-fale, da ita na zura tsakani na murɗa. A irin wannan wuri ne wasu ke ɗaukar dirila su huda gefen ƙofa, in sun gama su toshe da roba. Ni dai ba zan huda motar mutum ba matuƙar akwai wata hanya. Ramin dirila yana yanke maganin tsatsar kamfani, ruwan damina kuma ba ya kuskure irin wannan wuri.

Ƙarshen aikin ya fi farkonsa cin lokaci. Fentin kamfani ba sumul yake ba, yana da 'yan ƙananan tudu da kwari kamar bayan lemo, kuma sai wurin da aka gyara ya saje da su. Ana gamawa da sanda mai tsini, sannan a ɗauke allon a mayar da shi ta wata fuska a sake dubawa, domin abin da ya miƙe daga gaba yana iya zama a karkace idan an kalle shi daga sama. Da na gama na fesa man kakin hana tsatsa a cikin ƙofar, duk inda bakin sanda ya goga.

Da Yaya ya zo ɗauka ya tsuguna ya shafa, ya tashi ya ja da baya ya karkata kai. Salatif ɗin da na bari ne kawai ya nuna masa inda suke. Ya ce, "Ma sha Allahu. To, saura ta a-daidaita."

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na'urar auna fenti ta iso. Da maikuron take lissafi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fentin kamfani gaba ɗayansa, daga maganin tsatsa har kiliya, yawanci bai wuce 100 zuwa 150 ba, a kan kwanon da shi kansa bai cika milimita ɗaya ba. Na bi Corolla faranti faranti. Rufi da bonet da ƙofofi duk suna tsakanin 100 da 130. Da na ɗora ta a fendar baya ta hagu sai ta haura 300, kusa da fitilar baya kuwa ta wuce 800. An taɓa fesa wannan fendar, kuma akwai fila a ƙarƙashi. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ido bai kama shi ba. Da na nuna wa Yaya ya yi shiru, can ya ce shi dai fes bodi aka sayar masa.

Wannan ya canza shirin fendar. Gam ba zai hau ta ba, domin fentin gareji bai kama ƙarfe yadda na kamfani ya kama ba, faifan yana iya tahowa da shi. Fila kuma ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Ramin yana nesa da filar da kamar taƙi ɗaya, don haka zan cire fitilar baya in shiga ta nan, da ɗumi da baki mai laushi. Na faɗa masa tun yanzu cewa zan tsaya a duk inda na ga fentin ya fara nuna gajiya, ko da ramin bai gama tashi ba. Na ajiye ta sai ƙarshe.

Ƙofar a-daidaita kuwa ta ba da sa'a ta fuska ɗaya. Na ja farce a kan zanen bai maƙale ba, alamar ruwan ɗorawan fentin keken ne ya hau kan kiliya, bai yanke ta ba. Man gogewa da tsumma suka ɗauke shi tas. Lotsawar da ke ƙarƙashi ce mai wuya, domin ba zagayayya ba ce, tsaga ce mai tsawon taƙi da siririn layi a gindinta. Na cire murfin cikin ƙofa, na ɓare ledar nan mai tare ruwa a hankali don in mayar da ita. Irin wannan ta tsawonta ake kallonta, a fara daga can ƙarshe ana tahowa, kuma kowane danni sai ya sauka daidai kan layin gindin. In aka kuskure shi, gefe da gefe za su taso su rufe layin a tsakiya, daga nan kuma ba ya fita. Yau rabi na yi na tsaya, ido ya fara ruwa, kuma ido mai ruwa ba ya karanta layi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ƙofar baya ta kammala ranar Lahadi. Labari ya fara zagayawa, motoci biyu sun shigo daga waje.

Ta farko ta wata Hajiya ce a unguwarmu, baƙar Civic. Ragon da take kiwo ne ya ga hotonsa a ƙofa, ya ɗauka abokin faɗa ne, ya ja da baya ya kai mata karo. Lotsawar ta kai faɗin faifai, ta shigo hankalinta a tashe tana cewa sai an canza ƙofa. Amma faɗi ba shi ne abin tsoro ba, zurfi da kaifi su ne. Goshin rago faffaɗa ne, bai miƙar da ƙarfen ba. Na kwantar da girar a zagaye, na sa tafin hannu da soso daga ciki na tura, mafi yawanta ta fito lokaci guda, sauran na bi da sanda. Na ce, "Hajiya, ko dai a ɗaure shi ko a rufe motar, domin zai sake ganin abokin nasa."

Ta biyu Marsandi ce, E-Class irin ta 2003 zuwa 2009, a fendar gaba. Na ɗora maganaɗisu ya faɗi. Bonet da fendojin gaba da murfin but na wannan ƙirar alminiyum ne, wanda ba ya neman komawa siffarsa ta asali yadda ƙarfe ke yi, yana son ƙarin zafi da ƙarin ƙarfi, ga saurin wuce gona da iri. Ba wannan ne ma ya hana ni ba. Bugun ya sauka a bakin fenda inda aka ninke ta, kuma fentin ya riga ya tsage, farce yana shiga. Mai motar ya nace, "Malam, ko yaya ne dai ka taɓa." Na ce, "Alhaji, ko na tayar da ita tsagar tana nan, ruwa zai shiga ya ɗaga fentin, ka biya sau biyu." Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na haɗa shi da mai fenti.

Mai Marsandin ne ma ya nuna mini bidiyo a waya, ana zuba tafasasshen ruwa a kan lotsawa tana fitowa. A bamba wannan yana yi, domin roba ce, zafi na tausasa ta a tura daga baya da hannu. A kan ƙofar ƙarfe ruwan zafi ba ya tayar da komai.

Talata, 11 ga Maris

Yau azumi goma sha ɗaya, zafi ya shigo da ƙarfinsa. Muna kan rufi. Ramukan da ke gefe-gefe, kusa da inda rufi ya haɗu da saman ƙofa, sanda ba ta isa gare su saboda kwano biyu ne a haɗe. Ban da haka, Corolla ta Amurka ta waɗannan shekarun tana da jakar iska a naɗe a tsawon gefen rufi, ba wurin cusa ƙarfe da lalube ba ne. Nan aikin gam ne.

Ana goge wurin da sifirit mai ƙarfi har ya bushe, a zaɓi faifan da bai kai faɗin ramin ba, a ɗiga masa gam mai zafi, a ɗora a tsakiya ba tare da an danne shi har gam ya tsere ba. A jira ya kama, a ɗora abin ja, a matsa sannu sannu har ya ɓalle da ƙara. Gam ɗin da ya rage a jiki sifirit ake ɗiga wa bakinsa, sai ya saki da kansa, ba a kankarewa. Gam ba ya tsayawa a daidai, kullum sai ya ɗago wurin ya wuce, sai a bi da alƙalamin roba a kwantar, a koma ƙaramin faifai, a sake ja. Haka ake ta yi ramin yana ƙanƙancewa.

Abin da ya hana mu gudu shi ne rana. Daga hantsi zuwa la'asar, ko a ƙarƙashin rumfa, rufin yana ɗaukar zafin da gam ba ya daskarewa, ana ja sai ya miƙe ya saki faifan. Gam ɗin da ke hannuna na matsakaicin yanayi ne, na yi odar na lokacin zafi. Kafin ya iso mun juya lokaci: bayan asuba zuwa fitowar rana sosai, sai kuma bayan asham. Daren ya ma fi, layukan allo suna fitowa tar a cikin duhu, ga hankali a kwance. Idan kwanon bai huce ba mukan shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul, mu ɗauke, mu busar da wurin sarai kafin gam ya hau.

Guda ɗaya a tsakiyar rufi, inda kan reshen ya caka, ta ƙi. Gindinta ya yi tsini, gam ba ya kama shi, gefen kawai yake ɗagowa. Sai an sauke silin.

Alhamis, 27 ga Maris

Sallah ta matso, gareji ya cika da masu son a yi wa mota kwalliya, Corolla ta dakata. Mai fentin da muke aiki tare ya ce mini, rabi wasa rabi gaske, "Kai so kake ka kashe mana kasuwa." Na ce ya dubi filin nan ya ƙirga motocin da fentinsu bai fashe ba. Ba su da yawa. Waɗanda ke zuwa kusurwata galibi masu motar da suka gwammace su yi ta yawo da lotsawa da a taɓa musu fenti ne, da ma ba nasa ba ne. Ko a motar da za a fesa, idan na tayar da ƙarfen da sanda da allo, filar da zai shafa ba ta wuce shafa ɗaya siririya ba, kuma siririyar fila ba ta saurin tsagewa.

Maigidana da ya koya mini sana'a ya leƙo jiya, ya daɗe a tsaye yana kallon yaron yana aiki. Ya ce a zamanin 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, gwani shi ne wanda zai buga fenda da guduma da matashin ƙarfe, ya bi da zarto, ya miƙa wa mai fenti ba tare da fila ba. Ya ce fila ce ta lalata hannun mutane, tunda tana rufe komai. Na ce, "Baba, ai wannan jikan wancan ne." Ya karɓi sanda ya juya ta, ya ce bakin mai tsinin yana son ƙarin gogewa. Na goge.

Asabar, 12 ga Afrilu

An sauke silin. Na cire kan batir na bar motar ta ɗan jima kafin mu taɓa murafan ginshiƙai, saboda jakunkunan iska. Mun kwance makarin rana da mariƙai da fitilar ciki, muka sauke silin ɗin ya kwanta a kan kujeru, ba mu fitar da shi ba don kada ya karye. Ramin tsakiya ya tashi da ɗumi da baki mai tsini, amma a can gindinsa ƙarfen ya miƙe, ya bar ɗigo ɗaya da ba ya fita. A tsaye ba a ganinsa, a cikin allo yana nan. Na bar shi haka, ƙarin danni a wurin tsaga kiliya zai yi. Na nuna wa Yaya da yatsa don ya san da shi.

Bonet ya zo da nasa. Loɓawar ta fita da wuri, amma idan aka ɗora hannu sai wurin ya shiga ya fito da ƙara. Da na cire abin tare zafin da ke ƙarƙashi sai na ga dalili: ɗigon gam ɗin da ke haɗa fatar bonet da ƙarfen ƙarƙashinta sun ɓalle a wurare da dama, nauyin yara ne ya raba su. Ba sanda ba ce maganinsa. Gam ake so mai laushi wanda ba ya ƙanƙancewa idan ya bushe, domin mai tauri zai ja fatar ya bar tabo a sama. Na samo iri biyu, na ɗiga su a tsohon bonet na gwaji, zan duba su a allo bayan sun sha rana.

Yaron ya tayar da lotsawar ƙofar wani maƙwabci shi kaɗai, ni dai na duba ƙarshe na kwantar da tudu biyu. Batun farashi har yanzu ina juya shi. Mutane sun saba a yi musu kuɗi da ƙofa ko fenda, alhali a wannan aiki zurfi da inda ramin ya faɗo su ne ke cin lokaci, ƙaramin da ke kan ƙarfen kariya ya fi na rago wahala.

Saura gam ɗin bonet da fendar baya mai fila. Yaya zai kawo motar ranar Juma'a bayan masallaci ya bar ta har Lahadi, ina so in cire fitilar bayan tun da yamma in ga ko doguwar sanda za ta kai, ko sai na sake komawa wurin maƙeri.